Na sayo tsohuwar tirelar kwana ta faiba: da batir zan fara ko da ƙafa?

Baban 'Yan Uku (Columbus): Assalamu alaikum jama'ar zaure. Shawara nake nema wurin waɗanda suka riga ni shiga harkar. Ranar Asabar na sayo 'yar tirelar kwana, irin ɗakin tafi-da-gidankan nan da ake ja da mota a je hutu. Ta faiba ce, irin robar nan mai tauri da ake ƙera jikin ƙananan jiragen ruwa da ita, mai ɓari biyu, sama da ƙasa, da aka haɗe a tsakiya. Tsawonta ƙafa 16, ƙirar 2004, da banɗaki da murhun gas da firij. Wani dattijo ne ya sayar mini, ya ce ta shekara huɗu a ajiye a bayan gidansa. Da Sienna zan riƙa jan ta. Dala 2,500 suka rage a hannuna, niyyata in sa batirin litiyom biyu da sola da inbata, don mu iya kwana inda babu wuta. Jikinta ya kuɗe, in ka shafa sai farin gari ya biyo hannunka, akwai kuma ɗan tabon ruwa a ƙarƙashin tagar baya. Tayoyin dai garau suke, zanensu bai ci ba. Wane batir za ku ba ni shawara?

Bazazzagiya (Dallas): Wa alaikumus salam. Ma sha Allah, Allah ya sanya alheri, ya sa a more lafiya. Tamu tirelar faiba ce ƙirar Casita, a garin Rice ake yin su, kudu da mu kaɗan a kan hanyar Houston. Za ku ji daɗinta, musamman yara.

Direban Dogon Zango: Allah ya tsare hanya, ɗan'uwa. Amma kafin a zo kan batir, fita yanzu da tocila ka duba gefen tayoyin nan. Za ka ga an rubuta DOT, a ƙarshen layin akwai lamba huɗu. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. Turo mana abin da ka gani.

Baban 'Yan Uku (Columbus): Ɗaya 2314, ɗayar ma haka. Ta safiya kuwa, wato tayar ajiya, 0804.

Direban Dogon Zango: To ka gani. An yi su a mako na 23 na 2014, ta safiya kuma tun daga masana'anta take. Tayar tirela ba zane ke kashe ta ba, shekaru ne da rana da zama wuri guda. Masu wannan harkar suna canzawa duk shekara biyar zuwa shida ko da zanen sabo ne. Taka aksil ɗaya gare ta, wato ƙarfen da ke riƙe da tayoyi, taya biyu kacal ke ɗauke da komai. In ɗaya ta fashe kana gudu a babbar hanya, roba da waya za su yi ta dukan faibar da ke saman tayar har su fasa ta, wani lokaci su tsinke bututun ruwa ko wayar da ta bi ta wurin. Ina ganin irin wannan a gefen hanya duk bazara. Allah ne ya kawo ka gida lafiya ranar Asabar. Kada ka sake ɗaura ta a mota sai ka canza duka ukun, kuma a buɗe boris a wanke a sa sabon giris. Kamfanin Dexter, da yawancin aksil ɗin nan nasu ne, cewa suka yi duk wata 12 ko mil 12,000, wanda ya fara zuwa.

Injiniya (Calgary): Maganar Direba gaskiya ce, amma taya uku da giris ba za su cinye masa 2,500 ba. Kada a hana bawan Allah abin da ya sa a ransa. Litiyom ba ado ba ne. Batirin gubar da ke ciki, in an rubuta 100Ah, wato yawan wutar da yake ɗauka, rabi kawai za ka iya sha ba tare da ka kashe shi ba, na litiyom kuwa kusan duka za ka sha, ga shi nauyinsa bai kai rabin na gubar ba. Fankar hita ta gas kaɗai tana iya ƙarar da tsohon batir a dare ɗaya na sanyi.

Direban Dogon Zango: Injiniya, ban ce taya kaɗai ba. Tirelar shekara ashirin ce. Ka san irin aksil ɗin da ke ƙarƙashinsu.

Baban 'Yan Uku (Columbus): Ku yi mini bayani don Allah, ni na leƙa ban ga sifirin ba sam.

Direban Dogon Zango: Ba za ka gani ba, babu shi. Bututun ƙarfe ne mai kusurwa huɗu, a cikinsa akwai sandar ƙarfe da igiyoyin roba huɗu kewaye da ita. Robar ce ke aikin sifirin da shokozoba gaba ɗaya. In ta tsufa sai ta bushe ta kwanta, tirelar ta zauna ƙasa, kowane rami ya riƙa shiga jikinta kai tsaye. Ba a gyara ta, sai dai a canza aksil ɗin ɗungurungum. Ga yadda za ka gane: ɗaga gefe ɗaya da jak a jikin shasi, ba a jikin aksil ba, ka lura ko tayar ta sauko da kanta yayin da nauyi ya bar ta. In ba ta motsa ba, robar ta mutu. Duba kuma ko akwai shaidar gogar taya a saman rumfarta. A wasu tsofaffin ma da walda aka kama aksil ɗin, sai an yanke.

Dattijon Winnipeg: Sallama gare ku yara. Na karanta duka. Akwai abin da ya fi duk waɗannan gaggawa ba wanda ya ambata. Baban 'Yan Uku, yau muna ƙarshen Oktoba. An zubar da ruwan da ke cikinta?

Baban 'Yan Uku (Columbus): Baba, barka da dare. A'a, ni ma na cika tankin ranar Lahadi don in gwada famfo da hitar ruwa. Komai na aiki.

Dattijon Winnipeg: To gobe in Allah ya kai mu, wannan ne aikinka kafin komai. Dare ɗaya na ƙanƙara mai ƙarfi ya isa ya fasa famfo da bawul ɗin masai da tankin hita. Kashe hitar, ka bar ta ta huce, ka saki iskar da ke ciki sannan ka kwance toshiyar ƙasa ruwan ya zube. Zubar da babban tanki, da na ruwan wanka, da na masai a wurin da aka tanada. A bayan hitar akwai bawul da ke sa ruwa ya tsallake ta, juya shi, in ba haka ba galan shida na magani za ka ɗura mata a banza. Sai ka sayo maganin hana daskarewa na tirela, mai ruwan hoda. Ka ji ni da kyau, mai ruwan hoda na tirela, ba na lagireton mota ba, wancan guba ne. Ka ja shi da famfon tirelar, ka buɗe kowane kan famfo ɗaya bayan ɗaya, na zafi da na sanyi, har ka ga hoda ta fito, har da shawa da masai. Ka ɗan zuba a kowace magudana. Galan biyu sun ishe ka.

Injiniya (Calgary): Ranka ya daɗe, ni da iska nake hure nawa, kwamfireso a kan 30 psi, ba na son ɗanɗanon maganin nan a ruwa.

Dattijon Winnipeg: Kai ka san lungunan taka, Injiniya. Shi bai san tasa ba tukuna. Iska tana barin ɗigo a cikin famfo da bawul. Ya sa maganin, in bazara ta zo ya wanke bututun.

Ɗan Damagaram (Bronx): Ni fa ku gafarce ni, tun ɗazu nake karantawa raina bai kwanta ba. Mutum ya bar gida ya zo neman na kansa, sai ya zuba dubban daloli a ɗakin roba da zai kwana a ciki sau nawa a shekara? Ga inshora, ga rajista, ga kuɗin ajiya in unguwarku ba a yarda a ajiye a ƙofar gida ba. Wannan kuɗin a Zinder ko Kano sai ya ta da gini. Ga 'yan'uwa suna jiran abin azumi. Mu ba Turawa ba ne da za mu bar gado mai kyau mu tafi daji kwana.

Bazazzagiya (Dallas): Malam, kowa da lissafinsa, kuma ba wanda ya ce ya daina aika wa gida. Amma bari in faɗa maka abin da ni uwa na gani. 'Ya'yanmu a nan aka haife su, nan ce ƙasar da suka sani. In aka yi hutu abokansu suna ba da labarin inda suka je, namu suna ɗaki da waya a hannu. Tafiya da yara huɗu a otal ɗaki biyu ne, ga abinci sau uku a rana a garin da ba za ka samu naman halal ba. A tirela ni ke dafa abincina, na ɗauko namana daga gida, banɗakina nawa ne na san tsarkinsa, in lokacin salla ya yi maigida ya shimfiɗa darduma a ƙarƙashin rumfa ya ja mu. Mun kai su Palo Duro, mun kai su Big Bend, sun ga taurarin da ba su taɓa gani a Dallas ba, babbar ta yi ta tambayata ko haka sama take a Zariya. Wallahi ban ɗauki wannan almubazzaranci ba.

Ɗan Damagaram (Bronx): Hajiya, na ji, Allah ya raya su. Ni dai har yanzu ina ganin haya ta fi, ka yi mako ɗaya ka mayar musu da kayansu.

Dattijon Winnipeg: Ɗana, tsoron asara kake yi masa, kuma tsoro ne mai kyau. Da irin tireloli na katako da gwangwani ya saya, waɗanda rufinsu ke da ɗinki ta kowane gefe, da na goyi bayanka, don ruwa na shiga ya ruɓar da katakon bango ba ka sani ba. Ta faiba ba ta da katako a bango. A garin nan aka fara tirelar faiba mai suna Boler a 1968, wani Ray Olecko ne ya ƙirƙiro ta, an daina yin su tun shekarun 1980, amma a 2018 da aka yi bikin cikarta shekara 50 a nan Winnipeg ɗaruruwansu suka zo da ƙafarsu, daga Kanada da Amurka. Shi ya sa tsofaffinsu ba sa faɗuwa a kasuwa yadda sauran ke faɗuwa. In ya riƙe ta da kyau, ranar da ya gaji zai samu mai saye. Abu biyu ne ke kashe su: shasi da daɓe. Wannan tabon da ya ambata a ƙarƙashin taga shi ya fi damuna a duk bayaninsa.

Baban 'Yan Uku (Columbus): Baba, ai na riga na sayo silikon, na ce in zagaye tagar da shi gobe.

Dattijon Winnipeg: Mayar musu ka karɓi kuɗinka.

Bazazzagiya (Dallas): Kada ka kusance shi! Maigidana ya sha wahalar kankare na wanda ya riga mu.

Dattijon Winnipeg: Silikon yana kamawa wata shida ko shekara, sai ya saki ta wani gefe, ruwa ya shiga ta bayansa ya kasa fita. Kuma duk inda ya taɓa, ba abin da zai sake kamawa a wurin, har shi kansa, sai an kankare an goge tas. Fara da abu mai sauƙi: a ƙasan firam ɗin tagar daga waje akwai 'yan ramuka da ruwa ke fita, ƙasa da ganye suna toshe su, sai ruwan ya cika ya malalo ciki. Zura siririyar waya ka buɗe su, ka watsa ruwa da tiyo wani na ciki yana kallo. In har yanzu tana yoyo, a cire tagar gaba ɗaya. Sukurori ne ta ciki, mutum ɗaya ya tare ta waje. A kankare tsohon abin da ke jiki, a shimfiɗa sabon tef ɗin butil, wato roba mai danƙo da ke tare ruwa, a zagaye, a mayar a ɗaure a hankali har ya ɗan fito ta gefe, a yanke rarar. Aikin yini ɗaya ne kuma zai kai ka shekaru. Bayan haka ka ɗaga murfin bencin baya ka danna daɓen da sukundireba, musamman lungu. In ya nutse, sai mu sake zama.

Injiniya (Calgary): Ka duba ribit ɗin ma. Tirelolin faiba irin su Scamp da Casita da ribit ake kama kabad-kabad ɗin ta jikin faibar, kowane da 'yar farar hula a waje. Rana tana cinye hulunan, ribit ya saki, ruwa ya bi ta nan ya gangara ta bayan shimfiɗar bango ya fito a wani wuri dabam. Tabon da ke ƙarƙashin taga ba lallai daga tagar yake ba. Kuma in za ka canza, ka mayar da ribit na alminiyom. Wasu suna sa noti na ƙarfe don ƙarfi, ni ban yarda da hakan ba: gara ribit ya tsinke da faibar ta tsage.

Baban 'Yan Uku (Columbus): To farin garin jikin fa? Na ga wani bidiyo ana shafa man goge daɓe, tana ta ƙyalli.

Injiniya (Calgary): Yana aiki, na gani da idona. A wanke ta sosai, a shafa sau huɗu ko biyar, shi ke nan.

Bazazzagiya (Dallas): A Calgary wataƙila. A zafin ranar Texas na ga wadda aka yi wa haka, bayan shekara biyu ya yi rawaya yana ɓarewa, sai da suka bi ta da maganin cirewa kafin su fara daga farko. Fatar waje ta faiba, jelkot, ita ce rana ta ƙona. Abin da masu jiragen ruwa ke yi shi ne daidai: a goge da man gogewa mai ɗan kaushi da inji har mataccen ya fita, sannan a sa kakin jirgin ruwa sau biyu a shekara. Da wahala, amma ba ka rufe matsalar da wani abu ba.

Direban Dogon Zango: Ƙyalli zai jira bazara. Ni bari in koma ƙasa, don a nan rai yake. Ohio ana zuba gishiri a titi lokacin ƙanƙara, gishiri kuwa yana sa ƙarfe tsatsa. Kwanta a ƙarƙashinta da guduma ƙarama ka bubbuga shasin, musamman inda ƙarfen gaba ya lanƙwasa ya shige ƙarƙashin jiki, nan ne suke tsagewa. Sannan Sienna fam 3,500 aka yarda ta ja, in tana da kayan ja na masana'anta. Kada ka dogara da nauyin da aka rubuta a takarda, wannan na tirela ce babu ruwa babu gas babu kaya. Loda ta yadda za ku yi tafiya, ka je ma'aunin CAT a tashar manyan motoci ka auna, kuɗi kaɗan ne. Nauyin da ke kan ƙugiya ya zama kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na duka. In ya gaza haka, za ta riƙa wutsil-wutsil da kai duk lokacin da irin motata ta wuce ka. Ka tuna kuma wannan nauyin a bayan Sienna yake zama, tare da ku biyar da kayanku. Akwai na'urar birkin tirela a motar?

Baban 'Yan Uku (Columbus): Babu. Soket mai baki huɗu ne a motar, na sa adafta. Mai sayarwar ya ce ƙarama ce ba ta buƙata.

Direban Dogon Zango: Ke nan birkin Sienna kaɗai ya tsayar da ku. Tirelar tana da birkin lantarki amma ba abin da ke ba shi umarni. Sai an ja maka soket mai baki bakwai an sa na'urar. Dokar ta bambanta daga jiha zuwa jiha, da yawa daga fam 3,000 suke farawa, California daga 1,500. Ni ba don ɗan sanda nake faɗa ba. Hanyar Hocking Hills ta can Ohio, inda za ka fara kai su, lanƙwasa da gangara ce, da yara uku a baya.

Injiniya (Calgary): A nan kam na bi Direba, birki ba abin jayayya ba ne. Amma ina nan kan bakana cewa in kuɗi ya ragu, batir ɗaya na 100Ah ya fi komai canza zaman tirela. Sai dai ka san abu uku. Ba a cajin litiyom in sanyi ya kai sifili a ma'aunin Selsiyus, don haka ko ka sayi mai ɗumama kansa ko ka shigo da shi ciki ƙarƙashin benci. In ka ɗauke batir daga gaba kuma nauyin ƙugiya ya ragu, sai ka sake aunawa. Cajar batir da ta zo da tirelar tun 2004 ba za ta cika shi ba, yana son wajen bolt 14.4, ita kuwa a 13.6 take tsayawa. Batun esi kuma ka cire shi a ranka: batirin wat-awa 1,280 ke cikinsa, esin zai shanye shi cikin kamar awa ɗaya. Sola ma kada ka huda rufi tukuna. Sayi na naɗewa mai wat 100 ko 200, tirela na inuwa shi yana rana.

Dattijon Winnipeg: Ƙara masa da na'urar jin warin gas da ta hayaƙi mai kisa. Suna da wa'adi, shekara biyar zuwa bakwai, kwanan na bayansu. Na 2004 sun daɗe da mutuwa ko da fitilarsu na ci. Tiyon gas na gaba da ragileta ma a canza, a gwada mahaɗa da ruwan sabulu. Ba a kwana da yara a ɗaki mai hitar gas sai da waɗannan.

Bazazzagiya (Dallas): Saƙo ga maman yara: tankin masai yana son ruwa da yawa, don haka butarmu ba ta ɓata komai, gyara ma take yi. Abin kiyayewa, ko kun haɗa tiyo a sansani kada a bar bawul ɗinsa a buɗe, sai ya kusa cika a saki gaba ɗaya, sannan a bi da ruwan wanka ya wanke tiyon. Alwala kuwa a cika buta a famfon sansani, don tankin wasu galan 12 ne kawai.

Baban 'Yan Uku (Columbus): Jama'a barkanmu da yamma, Allah ya saka da alheri. Ga rahoto. Na zubar da ruwa na sa mai ruwan hoda. Ramukan tagar a toshe suke da ƙasa, na buɗe, amma da muka watsa ruwa har yanzu yana tsattsafowa ta kusurwar sama, don haka sai an cire ta. Daɓen da ƙarfinsa, sai wani wuri kamar tafin hannu a lungun hagu da ya yi baƙi, sukundireba bai shiga ba. Shasi tsatsar sama ce, ban ga tsaga ba. Aksil kuwa na ɗaga, tayar ko motsi ba ta yi ba. Na kira masu gyaran tirela biyu su ba ni farashi, da na'urar birki a ciki. Batir sai abin da ya ragu. Baba, wannan baƙin wurin yanke shi zan yi?

Dattijon Winnipeg: A'a, tunda bai nutse ba. Rufe tagar da leda da tef ta waje har ranar da za ka cire ta, ka bar murfin bencin a buɗe, ka sa fanka ta yi ta busa wurin mako guda ko biyu. In ya bushe sarai, ka shafa masa ruwan efoksi, gam ɗin nan mai shiga katako, amma sai ranar da ta ɗan yi ɗumi, ba ya kamawa da kyau a sanyi. Butil ɗin ma ka ajiye shi a cikin gida sai lokacin da za ka shimfiɗa. In za su yi odar aksil, ka ce su auna tsohon su kuma tambaye ka tsayin da kake so, kuma a sa mai ɗaurin noti maimakon walda.

Ɗan Damagaram (Bronx): Allah ya sa a gama lafiya. In kun tashi zuwa ta wajen New York ka yi mini magana, ina so in ga cikinta.

Baban 'Yan Uku (Columbus): Amin Malam, in sha Allahu. Direba, turo mini sunan na'urar birkin da kake ganin ta dace da Sienna ta akwatina.